Siraran Ƙafafun da Aka Saya wa Piera

Babu wanda ya lura cewa Piera bai cire safar hannunsa ba lokacin da ya karɓi kyautar. A ƙauyensu, can ƙarshen arewacin Finland, komai tsananin sanyi sai mutum ya tuɓe safa kafin ya karɓi abu a hannun wani. Shi kuwa da hannu a rufe ya karɓi ƙafafun babur guda biyu, sababbi fil, daga ɗansa Niilas, makiyaya na ta tafi a bakin shingen bareyin da suke kiwo.

Baburan da suke bin garke da su ba su da taya a gaba. Wasu dogayen faifai biyu ne ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, su ake kira ƙafafu. Masu faɗi na mai hawa tudu ne, inda ƙanƙarar take da laushi kamar gari, ta haɗiye mutum har ƙirji. Sirara masu ƙarfe a ƙasa kuwa na hanyar da aka riga aka daddaɓe ne, hanyar kanti da coci da kai wa dabbobi abinci. Waɗanda aka ba Piera sirara ne.

"Baba, ka ga ƙarfensu kuwa?" in ji Niilas. "Ko a kan gilashi ba za su zame ba."

"Ina nawa na da?"

"Ai na ba Oula. Nasa sun tsage, kuma gobe shi zai ja gaba."

Oula maƙwabcinsu ne, wanda Piera ya koya wa jifan barewa da igiya. Ya ɗaga kofin kofi yana murmushi. "Na gode, Kawu. Zan riƙe su amana."

A tanti aka haifi Piera. Tun kafin babur ya iso ƙasar yake bin garke da ƙafafun katako ɗaure a takalmansa. Da babur ya zo, shi ya zama mai jan gaba, wanda yake fasa hanya garke ya biyo. Bai iya wani aiki ba, bai kuma taɓa son iyawa ba. Bara idonsa ya fara hazo, ya karkata garken cikin wani kwari mai duwatsu, bareyi da dama suka kakkarye. Mutanen nan ba sa ce wa tsoho ya zauna a gida. Piera ya fi kowa sanin haka, domin shekarar da mahaifinsa ya fara faɗuwa a tudu, shi ne ya cusa ƙafafun katakon tsohon a murhu, ya ce itace ne ya ƙare.

Duk da haka, washegari ya tayar da babur ya bi su. A kan daddaɓaɓɓiyar hanya ya wuce kowa, har zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Da suka kai inda hanya ta ƙare, sauran suka karya dama suka hau tudu kamar kwalekwale a kan ruwa. Ya bi bayansu. Bai yi nisa ba hancin babur ya nutse, shi kuma ya wuntsila ya kafe har ƙugu.

Oula ya zagayo shi a kan ƙafafun Piera na da, yana watsa masa ƙanƙara a fuska. "Kawu, rijiya kake haƙa mana?"

"Zo ka ja ni, ɗan banza."

"Wa zai ja mai jan gaba?" Sauran suka kwashe da dariya.

Niilas ya tsaya ɗan nesa, bai ko kashe inji ba. "Baba, rana gajera ce, ba za mu iya jira ba. Duba ƙarƙashin kujerarka, na sa maka shebur."

Suka tafi. Piera ya ɗaga kujera, ga shebur nan a ɗaure tsaf, shi ma sabo. Wato tun jiya Niilas ya san inda ubansa zai tsaya.

Piera ya daɗe yana haƙa. Yana jin ƙararrawar da ke wuyan barewar da garke ke bi tana nisa a bayan tudu, har ta ɓace. Da ya fito da babur sai ya kama ƙafafun da hannu ya ja su, ya juya hancin ya kalli ƙauye.

Kafin haske ya ɗauke ya isa rumbun da ake ajiye abincin bareyi. Ya loda buhuna a keken sulɓi da ake ɗaura wa babur a baya, ya ɗaure su da igiya, ya bi daddaɓaɓɓiyar hanya ya kai su bakin shinge. Ƙafafun ba su zame ba ko sau ɗaya.