Agogon baƙin mai na Baba Bitrus

Har yau ban manta da ranar da Baba Bitrus ya shigo garejinmu na Muchia da ɗan kwali a hammata ba. Talata ce a tsakiyar damina, an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Shekarata ta uku ke nan da gama koyon sana'a, ina aiki a ƙarƙashin Oga Emeka, mai garejin kuma babban bakanike. Tsarinmu shi ne in mota ta shigo, Oga ya saurari mai ita, sannan ya miƙa ta ga wanda aikin ya shafa. Ni ɓangarena wayarin ne da ƙananan gyare-gyaren inji.

Ku yaran gareji da kuka zo daga baya ba ku san Baba Bitrus ba. Tsohon shugaban direbobi ne a wata ma'aikatar gona da ke Samaru, ya yi ritaya, ya rage daga shi sai matarsa Mama Saratu da tsohuwar a-kori-kurarsa. Abin da aka san shi da shi a Sabon Gari kunne ne. In inji ya gagari Oga, yakan aika a ɗauko Baba. Zai zo ya tsaya, ya rufe ido, can ya ce a duba bawul na uku a kan injin. A buɗe, a tarar haka ne.

Shi ya sa da ya buɗe kwalin na ga sabon agogon baƙin mai da ya sayo a shagunan PZ, sai na yi dariya.

"Baba, kai da agogo? Ai kai ne agogonmu."

Ya tsura wa bakina ido, sannan ya yi murmushi. "Ka dai ɗaura min, Garba. Inda zan riƙa ganinsa ba sai na sunkuya ba."

Ga wanda bai san aikin ba, akwai famfo a cikin inji da ke tura baƙin mai da ƙarfi zuwa duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. In ƙarfin turin ya ragu, inji na iya bugawa. Yawancin motoci jar fitila kawai suke da ita, wadda ba ta kamawa sai ƙarfin ya riga ya faɗi warwas. Agogo kuwa allura gare shi, yana nuna maka halin da ake ciki a kowane lokaci.

Na cire kan batir tukuna. Na kwance ɗan makunnin jar fitilar da ke jikin inji kusa da filta mai tace mai, na ɗaura ƙarfe mai baki biyu a gurbinsa: baki ɗaya na mayar da makunnin, ɗayan na sa kan da ke aika wa agogo saƙo. Nan ne wurin hattara. In haƙoran ƙarfen ba su dace da na ramin ba kuka matsa da sifana, kun fasa jikin inji. Na bi da waya ta ramin roba zuwa ɗakin direba, nesa da zafin salansa, na ɗauko wuta daga makulli, na sa mata fis don kada ta ƙone. Agogon na kafa shi dama da sitiyari. Da na tayar da mota allura ta miƙe sama, na leƙa ban ga yoyo ba.

Dokar Oga ita ce ba a sallamar irin wannan aiki sai inji ya yi zafi an gwada shi a hanya, domin mai in yana da sanyi kauri gare shi, yana ɓoye laifi. Baba ya karɓi tuƙi, muka ɗauki hanyar Samaru.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan tafiya ba. Gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, kwalta na sheƙi, iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga. Da muka wuce gari muka nufi Shika, masara ta rufe gefe da gefe, kore shar har iya ganin ido. Baba ya shiga magana a hankali, kamar ba da ni yake ba. Ya ce kowane inji da muryarsa. Tarakta in tana huɗa da sassafe a gonakin nan, gurnaninta kamar na bijimin da ya ƙoshi. Ya ba ni labarin wata babbar mota da ya taɓa hawa tsaunin Kagoro da ita cike da iri, ya ce tana nishi yana lallashinta har suka kai sama, hazo na shiga musu ta taga. Na jingina da kujera ina ji, sai na ga kamar motar ba ta taɓa ƙasa, kamar gonakin ne ke tafiya mu muna tsaye. Saura kaɗan barci ya ɗauke ni.

A dawowa muka tarar da cunkoso a kasuwar Samaru. Muna tsayawa allura ta sulale ta kwanta kusa da sifiri. A ƙarƙashin hayaniyar 'yan kasuwa na ji wani ɗan ƙwas-ƙwas daga cikin inji, siriri, amma ko sabon shiga zai ji shi. Na juya ina jiran Baba ya riga ni magana. Fuskarsa a sake take, yana kallon wata mai gasa masara.

"Baba, ka ji?"

Bai ko waiwayo ba. Sai da na taɓa hannunsa na nuna masa agogo, sannan ya gangara gindin wani mangwaro ya kashe mota.

 Ruwan da ya maƙale a ganye yana ɗiga a kan gilashi.

"Tun bara ne," ya ce. "Kamar an tsoma kaina a randa. Maganar mutane ina tsintarta a leɓe. Inji ba shi da leɓe."

Ya ce Mama Saratu ta daɗe tana jinya, kuma tun farkon damina take roƙonsa ya kai ta garinsu wajen Zonkwa ta ga duwatsu sun yi kore. Ranar Asabar za su tashi. 'Yarsu Rifkatu, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ba ta san halin kunnen ba, yana tsoron ta karɓe makullin motar.

"Idona lafiya, hannuna lafiya. Tsorona inji ya yi kuka a daji ban ji ba, ga Saratu a gefena. Kada ka faɗa a gareji."

Na juyo da fuskata sosai yadda zai ga bakina. "Ba zan faɗa ba, Baba. Amma Rifkatu kai za ka faɗa mata, kuma ka bari a duba kunnen."

Na kira Oga, aka zo aka ja mu. Zargina na farko a kan aikina ne, ko na haɗa waya ba daidai ba. Oga ya ɗaura agogon gwaji na hannu, ya nuna abu ɗaya. "Aikinka daidai ne, Garba. Buɗe ƙasa." Na tsiyaye mai, na kwance kwanon ƙasan inji. Rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ta toshe da dauɗa baƙa ƙirin kamar kwalta. Da sun kama doguwar hanya a haka, da wuya su wuce Kaduna. Muka wanke, muka duba ƙarafan ciki ba su ci ba, muka zuba sabon mai. Washegari na sake gwadawa, allura ta tsaya inda ya kamata. Na ɗiga jan fenti a gilashin agogon, na ce wa Baba in ta sauka ƙasa da nan, ya tsaya.

Ban faɗa wa Oga komai ba. Amma da Baba zai tafi, na ga Oga ya zagayo ya tsaya a gabansa daf, yana magana dalla-dalla: "Baba, wannan ma kai ka kama shi."

Sun yi tafiyar. Rifkatu ta zo ta zauna a tsakiyarsu a motar. Bayan mako biyu Baba ya kawo min ƙullin citta, ga 'yar na'urar ƙara ji maƙale a bayan kunnensa. Ya ce Mama ta sa an fitar mata da kujera, ta wuni uku tana kallon duwatsu. Bayan Kirsimeti ta rasu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Ku jira inji ya yi zafi kafin ku ce kun gama. Kuma in mutum ya kawo muku aikin da kuke ganin bai dace da shi ba, ku yi shiru ku yi masa. Sau da yawa abin da ya kawo shi gareji ba zai iya faɗarsa a gaban mutane ba. Dariyar da na yi da safen nan ita ce abu ɗaya a aikin da har yau nake jin kunyarsa.