Kaskon Kaka da Marayun Kwali

Jiya da yamma, ina dawowa daga makaranta, wani ɗan acaɓa ya wuce ni wajen tasha da kwali mai huje-huje ɗaure a bayansa. Ban ga abin da ke ciki ba, amma kukan ya ishe ni, siririn kukan nan na 'yan tsakin gidan gona, waɗanda inji ke ƙyanƙyashewa. Kowa a titi ya ci gaba da harkarsa. Ni kaɗai na tsaya kamar an kira sunana a gaban alƙali.

Ina ajin ƙarshe na firamare abin ya faru. Kawuna, ƙanen Inna, yana kai awaki Kano, ni kuma na kafa masa ƙahon zuƙa a kan sai ya sayo mini 'yan tsaki. In zai yi alwala, ina riƙe da buta ina zancen kaji. In zai hau mota, ina riƙe da jakarsa ina zancen kaji. Ina jin har a mafarki yana ganina. Ranar da ya dire kwalin a tsakar gida, cewa ya yi ba don Allah ya saya ba, don kunnensa ya huta ne.

Na buɗe na gan su, rawaya-rawaya kamar an mulmula auduga an tsoma a miyar taushe. A take na fara lissafin gidan sama da zan gina, da motar da zan sai wa Inna.

A shagon da muke kwana ni da Yayana na ajiye su. Na shimfiɗa musu dusar katako, na sauko da ƙwan lantarki kusa da kansu, in an ɗauke wuta in kunna fitilar ƙwai. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ɗan tsakon gidan gona aiki biyu gare shi a duniya: ya ci, ya kasayar. Kafin su yi wata, warin shagon nan ya kai ga in ka shiga da mura za ka fito ka warke. Yayana ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure. Wani baƙon Baba ya zo gaisuwa, ya tambaya a hankali ko akwai abin da ya mutu a gidan.

Ranar Baba ya yanke hukunci, a fitar da su waje. Inna ta ɗan roƙa, ta ce wuyansu da ƙirjinsu ba su gama gashi ba, ga shi ana tsakiyar sanyi. Kai da ka san sanyin Daura ka san irinsa, wanda ruwan buta ke cizon yatsa da asuba. Baba ya ce ya ji, amma gida na mutane ne. Ya ƙara da doka ta biyu: kada ya ga ko tartsatsin wuta kusa da akurkin da za a kafa musu, domin da zana za a yi shi, kuma ya taɓa ganin yadda gobara ta lashe rumbun wani maƙwabcinmu.

Dabarar da na fara yi ita ce nemo musu uwa. Inna tana da wata baƙar kaza da ko akuya ba ta ratsa gabanta. Na kamo ta na tura cikin akurkin da muka kafa bayan madafa, na yi mata bayanin cewa marayu ne, akwai lada. Ta dube su da ido ɗaya, ta juya ta dube su da ɗayan, sannan ta fara rabon sara. Da na sa hannu in raba, ni ma ta ba ni kasona.

Sai na lulluɓe akurkin da buhuna, na bar su da Allah.

Da gari ya waye na tarar sun dunƙule a lungu guda, wannan kan wannan, kowa na neman ɗumin ɗan'uwansa. Na ƙasa sun mutu, an danne su. Na ɗauko ɗaya a tafin hannuna, ya sandare, ƙafafunsa a miƙe. Kukan da na yi, ina jin har Kwangwalam, can bakin iyakar Nijar, an ji.

Kukan ne ya fito da Kaka. Mahaifiyar Baba ce, ɗakinta na can ƙuryar gida, kuma tun ina zanen goyo Maigida take ce mini. Ta dogaro sandarta, ta leƙa akurkin, ta ce, "Maigida, ai ka ba ni kunya. Mai gidan sama da mota ne ke birgima a ƙasa?"

Na ce mata Baba ya hana wuta. Ta ce ta ji da kunnenta, ai ita ta haifi mai dokar.

Kaka tana da wani kaskon wuta na yumɓu, baƙi ƙirin don tsufa. Kowace rana ta sanyi, in an sauke tuwo, Inna takan kwashe garwashin murhu ta zuba mata, a rufe da toka, a kai ɗakinta saboda gwiwoyinta. A gidanmu wannan garwashin kamar haƙƙi ne, ko shayin Baba ba ya taɓa shi. Da magaribar ranar, maza suna masallaci, Kaka ta yafito ni ta nuna mini kaskon. Na tambaye ta ita fa, ta ce tana da wani a ƙarƙashin gado, kuma yaushe miji ya fara binciken kayan ɗakin matarsa.

Ita ta koya mini komai. A ɗora kaskon kan duwatsu a tsakiyar akurki, nesa da zana. A kife shi da tsohon kwanon da aka huda da ƙusa, don kada wani sakarai ya faɗa ciki. A bar kafa ta sama hayaƙi ya fita. Ta ce kada in tambayi kowa ko ɗumin ya isa, su zan duba: in sun dunƙule, sanyi suke ji; in sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa; in sun bazu kowa na harkarsa kamar 'yan kasuwa, to na iya. Da hantsi in ɗage buhu su sha rana, kafin inuwa ta juyo in mayar. Garwashin kuma a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan yayin da gashinsu ke cika, har su saba da duniya.

Daga ranar ba wanda ya sake mutuwa. Da asuba nakan janye kaskon in mayar mata kafin Baba ya dawo daga masallaci. Na koma tafiya ina buɗa kafaɗa. A makaranta na ce wa yara ni kaɗai na ƙirƙiro dabarar.

Wata safiya, maimakon in ajiye kaskon a bakin ƙofa yadda na saba, sai na ɗaga labule na shiga. Ɗakin kamar cikin randa. Kaka tana kan gado, ta lulluɓa da duk zannuwan da ta mallaka, har da na Sallah, ta ɗora dardumar salla a kan gwiwoyinta. Na duƙa na leƙa ƙarƙashin gadon. Kwalla ce kawai da tsohon takalmi.

Na ce, "Kaka, ina ɗaya kaskon?"

Ta ce, "An ara. Ka fita, Maigida, ka cika ni da warin 'ya'yanka."

Ba yaron goye ba ne ni. Na san ba a ari komai ba. Na kuma san ko da akwai kasko goma, garwashin murhun Inna na kasko ɗaya ne. Na tsaya a bakin ƙofa, na dubi hanyar ɗakin Inna, na dubi hanyar akurki. Sai na ce wa kaina ai saura kaɗan gashin wuyansu ya cika. Da magariba na koma na ɗauki kaskon, kuma ban yarda mun haɗa ido ba.

Tari ya fara kama Kaka. Daga nan sai zazzaɓi. Ranar da ta tashi yin alwala ƙafafunta suka ƙi, Inna ta ruga ta shafa gwiwoyin ta ji su sanyi ƙalau, ta tambayi inda wutar take. Baba ya bi sawun toka har bayan madafa, ya ɗaga buhu, ya ga kajina sun bazu, kowa na harkarsa.

Na riga na shirya wa bulala, har na sa wando biyu. Baba bai ko ɗaga hannu ba. Ya ɗauki kaskon da kansa, da zafinsa, ya wuce ni kamar ba na wurin. Da aka samo motar da za ta kai Kaka asibiti, yana riƙe da ita ya tambaye ta don me za ta yi wa kanta haka saboda kaji. Tana tari tana cewa, "Ba ruwanka tsakanina da mijina. Kai ma da kake ƙarami na yi maka abin da ya fi wannan wauta."

Ta yi kwanaki a can ta dawo. Tarin ya warke. Gwiwoyin ne ba su dawo ba, tun daga lokacin a zaune take salla. Likita ya ce shekaru ne, kuma ko ba sanyi dama suna hanya. Inna ta maimaita mini wannan maganar sau da yawa, ni ma na maimaita wa kaina.

Da kajin suka isa yanka, na zaɓi wanda ya fi duka ƙiba, wani mai tafiya kamar attajiri, aka yi mata farfesu. Na kai mata da hannu biyu. Ta kurɓi romon, ta gutsuri naman, ta ce yanzu saboda wannan abin mai kama da jiƙaƙƙen burodi aka hana ta barci? Ta ce ƙafar baƙar kazar Inna ta fi shi daɗi. Amma ta cinye, har ta siɗe kwanon.

Yanzu abubuwa sun sauya. Yaran unguwarmu da ke kiwo suna da fitilar sola, wasu har da abin ɗumi mai gas, kuma a waya suke koyon komai, ba sa bukatar tsohuwa ta karya musu doka. Ni ma ina kiwon har yau, amma ba na sayen kwali sai sanyi ya wuce. A gida kuwa labarin ya zama abin dariya, Yayana in ya so tsokana sai ya kira ni ɓarawon garwashi, in taya su dariyar.

Kaka kaɗai ce ba ta ba da labarin. In baƙi suka zo gaishe ta suka tambayi abin da ya sami ƙafafun, wata rana ta ce ɗibar ruwa ce a rijiyar Kusugu tun tana budurwa, wata rana ta ce daka ce, makon jiya kuma ta ce wa wata mata jaki ne ya taɓa kayar da ita a hanyar gona. Ina zaune a gefe ina matsa mata gwiwa, ina jira ta ce kaji. Da za ta faɗa ko sau ɗaya, a gaban kowa, ina jin da na sami sauƙi. Sai kawai ta ɗan zungure ni da sanda ta ce in matsa da kyau, hannuna ya yi laushi kamar na wanda bai taɓa aikin komai ba.