Yatsan Yaya

Kafin hotonsa ya hau jarida, gyaran wayoyi yake yi a wata 'yar rumfa a ƙarƙashin bene, inda ƙaurin dalma ba ya barin rigar mutum. Abokansa Sai-gobe suke ce masa, domin duk wayar da aka kawo, ko ta kwana a ruwa, cewa yake yi, "Bar ta, sai gobe." Gari na wayewa kuwa wayar ta tashi. Bawan Allah, bai saba ganin abu ya gagare shi ba, kuma abin da ya cuce shi ke nan.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Tela ce, tana fama da ciwon sukari. Kullum da safe sai ta huda yatsa ta ɗiga jini a na'urar gwaji, har yatsun suka yi taurin da ba ta jin zare.

"Auta," ta ce masa wata rana, "kai mai ta da matattun wayoyi, ka kasa raba ni da allurar nan?"

Tsokana take yi, shi kuwa ya riƙe maganar. Ya haɗa wani ɗan akwati: ka ɗora yatsa a kan gilashi, haske ya ratsa, lamba ta fito, ba jini ba zafi. Ranar farko lambar ta zo daidai da ta allura. Yaya ta yi ta shafa kansa kamar yaron goye.

Daga nan abu ya yi gudu. Masu zuba jari suka zo, aka kama masa ofis a saman bene, da ma'aikata masu farar riga, da kwat mai shaƙe masa wuya. Sai dai akwatin yau ya faɗi gaskiya, gobe ya yi shirme. Yatsa ya yi gumi ko sanyi, shi ke nan ya rikice.

A rumfa, in wani ɗan sashe a cikin salula ya ƙi aiki, yakan ja siririyar waya ya tsallake shi, mai salular ya lallaɓa kafin kayan gyara su iso. Haka ya yi wa akwatin ana gobe manyan baƙi za su zo. Ya saita shi, duk sanda ya rikice ya nuna lambar mai lafiya. Na kwana biyu ne, in ji shi, kafin ya gano matsalar.

Bai gano ta ba. Akwatuna suka shiga shagunan magani da gidaje, na farkonsu kuwa yana kan keken ɗinkin Yaya. Ta zubar da allurai. Duk zuwan da zai yi da niyyar faɗa mata yake zuwa, sai ta tare shi da murna.

"Ka gani? Sukarina ya kwanta, har maganin na rage. Ci abinci, mai ofis, duk ka rame."

Ya ja kwanon ya ci. Sai gobe.

Da farko zare ne ya ƙi shiga allurar keke. Sannan aka tsince ta a ƙasa. Kafin ta bar asibiti sukarin ya tafi da idonta, kuma ba ita kaɗai abin ya taɓa ba. A kotu aka kira shi mazambaci, bai yi musu ba. Duk shekarun da ya yi a gidan yari, Yaya ba ta je ba, ba ta aika ba.

Ya fito da furfura da tari. Ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakinta, ya kasa ko sallama. Ta gane numfashinsa.

"Auta. Ka sani?"

"Na sani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."



"Da cewa ka yi ba ka sani ba, da ka koma inda ka fito." Ta miƙo yatsa. "Na gaji da roƙon maƙwabta. Allurar na kan keke. Abin da ka gani za ka karanta min, ba abin da kake so ba."

Bai sake taɓa waya ba. Kowace safiya yana durƙushe a gabanta, ya goge yatsan, ya huda, ya karanta lamba, mai daɗi da mara daɗi.

"Sannu injiniya," takan ce, "duk ilimin nan a huda yatsa ya ƙare?"

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi.

Tarin ne ya tafi da shi. Allah ya gafarta masa, ya yi kuskure mai girma, ya kuma ɗauke shi bai ɗora wa kowa ba. Safiyar da masu gaisuwa suka watse, Yaya ta zauna a inda ta saba, ta miƙa yatsa. Ta jima a haka, sannan ta janye hannun ta ajiye a cinya.