Ƙwayoyin da Inna Ta Ƙulle a Haɓar Zani

Shekarar da hawan jini ya kwantar da uwar mijina, ni na yi jinyarta a wani asibiti a Kankia. Daga Dudunni muka zo, ni kuwa ba mai fita ba ce, komai na ɗakin nan kallo ne a wurina. Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne kabad na ƙarfe a kusurwa, an danna masa kwaɗo, makullin yana aljihun nas. Ashe magani ne kawai a ciki. Mu a gida kan taga muke ajiye shi. Wa zai saci abu mai ɗaci?

Na kasa haƙuri na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai ɓarawo mai sauƙi ne. Masu kirki nake tsoro." Na yi ta juya maganar, ban gane ba.

Inna dai hankalinta yana kan waken gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, so take a sallame ta kafin a gama roro. Likita ya ce sai jini ya sauka. Kullum nas ta zuba mata ƙwaya a tafi, ta kai hannu baki, ta kora da ruwa, amma jinin yana nan inda yake.

Rannan 'yan dubiya suka zo daga Yashe. Wata ƙawarta ta ce kanta yana sarawa. Sai na ga Inna ta kwance haɓar zani, ta miƙa mata ƙwaya kamar mai ba da goro. Ƙullin cike yake.

"Inna, waɗannan fa?"

"To mi zan ba mutane? Su taso tun daga can su koma hannu sake? Wannan na asibiti ne, ya hi na kemis ƙarhi."

Na je na kira nas. Ta karɓe na hannun baƙuwar, ta ce da ta haɗiya, jiri na iya kayar da ita a hanya. Daga ranar ba ta matsawa sai Inna ta buɗe baki ta ɗaga harshe.

"Ke ɗiyar nan," in ji Inna, "ko uwata ba ta leƙa bakina haka ba."

Jini ya sauka, aka sallame mu. A mota ko kallona ba ta yi ba. Mun tarar saura roron ƙarshe, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin gayauna, ta zauna tana nuna wa masu roro inda suka tsallake.