Kajin Apollos Ba Sa Ci

Duk unguwar Luggere an san Apollos mai gyaran kwamfuta, amma an fi sanin sa da son sauti. Tun yana firamare yake farke rediyon mutane don ya ga mai magana a ciki, ya sha bulala a kan haka, bai daddara ba. Da ya girma ya buɗe shago a Jimeta, ya yi aure, kuma ran Lahadi shi ke riƙe da lasifikokin majami'arsu.

Abin da ya gagare shi gyara shi ne mahaifiyarsa, Mama Liyatu. Da idonta ya mutu sai ya ɗauko ta daga ƙauyensu na wajen Ganye. Tun ran da ta zo ta ƙi kwance ƙullin kayanta.

"Garin nan ba shi da murya, Apolo," in ji ta. "Sai Keke Napep da janareta. Ka mai da ni gida."

Can kuwa babu mai kula da ita, abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya tafi ƙauyen da na'urar ɗaukar murya, ya kwaso ƙarar rafi, da kukan kaji, da dakan mata, da waƙar zumuntar mata ta majami'a. Ya dawo ya girke tsohuwar kwamfuta a ɗakin Mama, ya rataye lasifika a kowace kusurwa.

Katin sautin da ke cikin kwamfutar lasifika biyu kawai yake iya ɗauka, sai ya soka na biyu. Nan aka yi daga! In wannan ya yi magana, wancan ya yi gum. In suka yi tare, ɗaya na gaba ɗaya na baya, kamar shanun huɗa da ba su saba da juna ba. Matarsa Hadassah har ta fara ce masa mijin kwamfuta. Da ƙyar da jiɓin goshi ya daidaita su, ya kunna.

Mama ta kasa kunne, ta yamutsa fuska.

"Wane ne ya juya mana gari? Rafi yana hannun dama in ka fito ɗakina. Turmi kuma a baya yake, gindin tsamiya. Kai ba a can aka haife ka ba?"

Apollos ya yi dariya, ya hau kujera yana sauya wayoyi, tana ba da umarni da sandarta. Da komai ya koma mazauninsa sai ta karkata kunne wajen dakan. Can ta ce, "Wannan dakan maƙwabciyata Talatu ne, har yanzu hannunta bai yi ƙarfi ba." Ta share hawaye da bakin zani.

Washegari da safe ya shiga gaishe ta, ya tarar da dawa warwatse ƙarƙashin lasifikar da ke kukan kaji.

"Mama, ai kin san ba na gaske ba ne."

"Na sani mana, makanta ce da ni, ba hauka ba. Hannu ne ya saba. Amma kajinka ba sa ci, ɓarnar hatsi kawai. Ka sayo mini masu rai, ka yi musu akurki a hannun hagu."

Apollos ya waiwaya. Ƙullin kayan nan a kwance yake, Hadassah tana jera zannuwan cikin akwati.