Ranar da Aka Ba Idrisa Wankin Karafan

Ban taɓa mantawa da wata Laraba cikin watan Safar ba, ranar da aka kawo mana karafan wanki a Kudai, wata unguwa a Makka. Ga wanda bai sani ba, karafan mota ce mai ɗaki a cikinta: gado, kicin, banɗaki, har da na'urar sanyi a kan rufi. Masu hali ke hawa Ɗa'ifa da ita idan zafin Makka ya tsananta.

A lokacin ni na fi kowa daɗewa a magasalarmu, wato wurin wankin motoci. Manyan motocin alhazai muke wankewa, irin waɗanda ke dawowa daga Arfa da ƙura har cikin kujeru. Tsarinmu, mudir, wato manaja, shi ne a sama, sai mushrif mai raba aiki, sai mu masu riƙe bindigar ruwa. Mushrif ɗinmu ya bar aiki bayan Hajji, kowa kuma ya ɗauka ni zan gaje shi. Ni ma har na faɗa wa matata Hauwa.

Mai motar wani dattijo ne ɗan kasuwa, jikan Hausawa, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce da mudir, "Ka ba ni ahasan wahid, wanda ya fi kowa iyawa. Motar nan sabuwa ce."

Na riga na fara naɗe hannun riga, sai na ji mudir ya ce, "Idrisa, yalla!"

Idrisa mutumin Chadi ne da ya biyo ta Sudan, bai daɗe da zuwa wurinmu ba. Ni na koya masa yadda ake tayar da injin ruwa. Na matsa kusa da mudir na ce, "Ya mudir, ni fa?"

Ya dubi cikina, ya dubi tsanin hawa rufin motar, ya kira ni da sunan 'yata. "Ya Abu Maryam, sai an hau rufi. Gwiwarka ba za ta iya ba. Ka riƙe masa tiyo."

A gaban kowa ya faɗa. Na riƙe tiyo kamar sabon shiga, ina kallon Idrisa yana hawa tsani a guje.

Sai na yi muku bayani kaɗan. Ruwan injin nan yana da ƙarfin da zai ɓare fenti, ya yanke fatar mutum. Jikin bas ƙarfe ne, yana jurewa. Karafan kuwa bangonta siriri ne, kuma duk mahaɗar rufinta da danƙo aka liƙe. In ka kusantar da bakin bindiga, danƙon zai tashi, ruwa ya shiga ya jiƙe silin da wayoyin wuta. Ba a gani a ranar, sai bayan kwanaki ɗakin ya fara wari.

Idrisa bai san wannan ba. Ya bar injin a ƙarfin wankin bas, ya durƙusa, ya nufi gindin na'urar sanyi. Na gan shi sarai. Zuciyata ta ce, ai an ce shi ya fi kowa, bari a gani. Sai na hango ta taga ɗan ƙaramin gado da bargon yara a kai.

"Kai, Idrisa! Saki!"

Ya saki kunamar bindigar a firgice. "Lafiya, Yaya Haruna?"

Na rage ƙarfin injin, na miƙa masa baki mai baza ruwa. Na ce ya ja baya kamu guda, ya bi mahaɗar da soso. Ya yi yadda na ce. Kafin la'asar motar tana ɗaukar ido.

Dattijon ya dawo ya zagaya ta, yana ta "Mashallah." Ya dafa kafaɗar Idrisa ya ce da mudir, "Wannan kada ka sake shi." Idrisa ya fara ce wa dattijon, "Ya ammi, ai Yaya Haruna ne ya..." amma dattijon ya riga ya kara waya a kunne. Mako bai zagayo ba mudir ya tara mu ya ce Idrisa ne sabon mushrif.

Da na koma gida a unguwar Tandabawi na kasa cin abinci. Da na ba Hauwa labari sai ta ce, "Da ka yi shiru, da yanzu ka iya haɗa ido da shi?" Na ce mata ko yanzu ba na iyawa.

Idrisa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Duk aiki mai wuya sai ya zo ya ce, "Yaya, yaya ka gani?" Wallahi kirkin nasa ya fi yi mini ciwo, don da mugu ne da na sami abin kamawa.

Abin da na koya, ku da kuke tasowa, shi ne a sana'ar nan mai mota ƙyalli yake gani, ba ya ganin ɓarnar da aka hana. In ka ga ɗan'uwanka zai yi kuskure, ka yi magana, ko da maganar ce za ta ɗora shi a kanka. Ban yi nadama ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, har gobe in aka ƙwala kira "Ya mushrif!", ni nake riga shi waiwayawa.