Kalma Ba Ta da Igama

Ɗazu jikata ta zo da aikin makaranta, wai daga ina Turanci ya samo kalmar "telephone"? Na ce daga Girkanci, ma'anarta murya daga nesa. Sai hawaye ya zubo mini.

Babana ne ya koya mini, a ɗakinmu na unguwar Zahir a Makka, a shekarun alif ɗari tara da sittin. Malamin Turanci ne a gida kafin ya zo Hajji ya zauna ba igama, wato takardar izinin zama. A Makka dako yake yi. In ya dawo da la'asar sai ya buɗe tsohon ƙamusunsa, yana nuna mini kalmomin da Turawa suka aro daga Girkawa.

Na ce, "Abuya, to sun mayar musu?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ina! Kalmomin sun zauna, ya binti, 'yata, sun zama 'yan gida. Ba mai tare kalma ya ce ina igamarki."

Bayan Hajjin shekarar aka kama shi a kasuwa, aka mayar da shi gida. Ƙamusun yana wurina. Muryarsa kuwa, ko daga nesa, ban sake ji ba.

Ku fa, wace kalma ce ke tuna muku da naku?